Giɓin kasafi ne ke karya kuɗin ƙasa, ko hannun waje ne?

Ɗan_Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana cikinmu, don abin ya daɗe yana cin raina. A 2022 darajar kuɗin Siri Lanka ta zube, na Ghana ya bi, na Masar ma haka, a 2023 kuma naira ta shiga sahu. Duk masanin da aka gayyata gidan rediyo sai ya ce laifin gwamnatocin ne, suna kashe abin da ya fi ƙarfin aljihunsu. To amma Amurka kusan kullum cikin giɓin kasafi take, Japan kuwa bashin da ke kanta ya ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu, kuma ba mu taɓa jin mutanensu na layin neman kuɗin waje ba. Shin da gaske kasafin gwamnati ne ke karya kuɗin ƙasa, ko kuwa fakewa ake yi da shi a rufe aikin asusun ba da lamuni na duniya IMF da 'yan canji?

Talaka_Bawan_Allah:
Wa alaikumus salam. Ba sai an je da nisa ba Alhaji, IMF ce. Tun da suka kawo mana SAP zamanin Babangida a 1986 naira ba ta sake miƙewa ba.

Malam_Tattali:
Alhaji, tambayarka ta yi ma'ana, kuma amsarta na cikin abin da ba ka ambata ba: da me ake cike giɓin?

Idan gwamnati ta tara haraji bai kai abin da za ta kashe ba, ko dai ta ci bashi a gida, ko ta ci a waje da dala, ko ta juya ga babban bankinta ta ce a zuba mata kuɗi a asusu. Wannan na ƙarshen shi ne mafi sauƙi ga mai mulki, don ba majalisar da za ta hana shi barci, ba mai ba da bashin da zai tsare shi da tambaya. Amma kuɗi ne sababbi da babu wani buhun masara ko gangar mai da aka ƙara samarwa a madadinsu. Za su fita ta albashi da kwangila, su zagaya, kuma a ƙasar da magani da injina da taki da alkama duk daga waje suke zuwa, ƙarshen zagayensu shi ne gaban mai sayar da dala.

To a nan ne matsalar ke kankama. Idan babban banki ya riga ya ɗaure farashi, ya ce dala ba za ta wuce kaza ba, dole ya riƙa ɗebo dala daga asusun ajiyarsa yana sayarwa domin cika alkawari. Ajiyar na raguwa, giɓin bai tsaya ba. Manyan 'yan kasuwa da bankuna suna kallon alƙaluman nan duk wata. Ba sa jira sai ajiyar ta ƙare. Da sun ga inda aka dosa sai kowa ya yi ribibin mayar da kuɗinsa dala tun da sauran araha, wannan ribibin ne kuma ke ƙarasa ajiyar cikin makonni. Masanin tattalin arziki Paul Krugman ya yi wannan bayani a rubuce tun 1979, kuma har yau idan ka duba Siri Lanka za ka ga kamar don ita ya rubuta.

Amurka da Japan da kuɗinsu suke cin bashi. Japan ma yawancin bashinta hannun 'yan ƙasarta da babban bankinta yake. Ba wata ranar da za ta zo a ce ta kawo dala ta biya ko ta sha kunya.

Ɗan_Kwari:
Malam wannan na ƙarshen na gane shi sarai. Kamar mu ne: ka ɗauko atamfa da shadda bashi daga Cana da dala, ka sayar da naira. Ranar biya idan canji ya tashi, ribar da uwar kuɗin duk su tafi, alhali kayan ba su canza ba.

Malam_Tattali:
Shi ke nan Alhaji. Gwamnati ma harajinta da kuɗin gida take karɓa. Idan bashinta na dala ne, faɗuwar kuɗin gida da rabi na nufin bashin ya ninka a lissafinta ba tare da ta ƙara cin ko kwabo ba. Giɓi ya ƙara faɗi, tsoro ya ƙaru, kuɗi ya sake faɗuwa.

Hajiya_Nima:
Ku bar ni in ba ku labarin Ghana tun da a idonmu aka yi. Farkon 2022 dala wajen sidi 6 take. Kafin Nuwamba ta haura 14 a wajen 'yan canji. Ina sayar da kayan masarufi, sai ya zama farashin da na saya da safe ba shi zan tarar da yamma ba. A Oktoba 'yan kasuwar Akara suka rufe shaguna don nuna ɓacin rai. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100.

Gwamnati ta yi ta cewa korona ce da yaƙin Yukiren. Gaskiya sun taɓa mu. Amma maƙwabciyarmu Kwaddibuwa ma ai sun taɓa ta, me ya sa ba ta durƙushe ba? Mu a 2019 an ciwo dala biliyan 3 a kasuwar bashi ta duniya, a 2020 an sake ciwo biliyan 3, a 2021 ma haka. Da wannan dalar ake toshe giɓi, da ita kuma ake riƙe sidi. Akwai dokar da aka yi a 2018 cewa giɓi kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, a 2020 aka jingine ta, shekarar zaɓe kuma, giɓin ya haura kashi 11. Ga kuɗin da aka kashe wajen gyaran bankunan da suka rushe, ga basussukan kamfanonin wutar lantarki. Da aka shiga 2022 masu ba da bashi suka rufe ƙofa. Sai aka kawo harajin tura kuɗi ta waya, kashi 1.5, mutane suka koma mu'amala da tsabar kuɗi, bai tara abin da aka yi hasashe ba. Daga nan aka koma kan Bankin Ghana. Daga baya bankin da kansa ya bayyana cewa ya yi asarar sidi biliyan 60.8 a 2022.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsofaffi. Mutum ya yi aiki shekara talatin, ya sa kuɗin sallamarsa a takardun lamunin gwamnati don an ce nan ne wuri mafi aminci, sai a Disamba 2022 aka ce za a sauya musu takardun, a ja lokacin biya, a rage riba. Farkon 2023 tsofaffin nan suka riƙa zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har da tsohuwar alƙaliyar alƙalai Sophia Akuffo a cikinsu.

Dangane da maganar ɗan'uwa Talaka, mu dai IMF ba ta zo ba sai da muka kira ta. Ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya sha cewa ba za a je ba, a Yulin 2022 aka je. Ba a amince da dala biliyan 3 ɗin ba sai Mayun 2023, lokacin ɓarnar ta riga ta auku.

Talaka_Bawan_Allah:
Hajiya, su waye suka ba ku bashin tun farko? Ba Turawan ba ne? Suna sane da ba za ku iya biya ba.

Hajiya_Nima:
Sun bayar don kuɗin ruwan ya yi musu daɗi, wannan gaskiya ne, kuma su ma sun tafka asara da aka zo sasantawa. Amma ɗana, ba su suka sa hannu a madadinmu ba.

Auwal_Zariya:
Ina girmama bayanin Malam amma ban yarda a ce kullum kasafi ne ba. Tailan fa? Kafin 1997 shekaru ta yi tana samun rara a kasafinta, bashin gwamnati kaɗan ne. Duk da haka ranar 2 ga Yulin 1997 ta saki kuɗinta, daga kusan 25 a dala ya wuce 50 a farkon 1998. Indonesiya ma ba almubazzaranci ya kayar da ita ba, kuɗinta ya tashi daga kusan 2,400 a dala ya haura 16,000, har shugaban ƙasa Suharto ya sauka a Mayun 1998. Bankuna da kamfanoni masu zaman kansu ne suka ciwo dala na gajeren zango suka zuba a gine-gine. Ina giɓin kasafi a nan?

Ga Turkiyya kuma. Bashin gwamnatinta bai kai na ƙasashen Turai da yawa ba. Erdogan ne ya kori shugabannin babban banki uku tsakanin 2019 da 2021, ya sa aka rage kuɗin ruwa farashi na tashi. A 2021 kaɗai lira ta rasa kashi 44 na darajarta.

Malam_Tattali:
Auwal ka kawo hujja mai ƙarfi, kuma ban ce kullum ba. Rikicin Asiya daga bankuna ya faro. Sai dai ka duba inda ya sauka. Da bankunan suka rushe, wa ya ɗauki bashin? Gwamnati. Indonesiya ta kashe fiye da rabin abin da ƙasar ke samarwa a shekara wajen ceto bankunanta. Masu ba su dala tun farko sun bayar ne da yaƙinin cewa gwamnati ba za ta bari su faɗi ba. Kenan nauyi ne da ke kan baitulmali wanda ba a rubuta a kasafi ba. Turkiyya ma da lira ta rikice a Disamban 2021, sai aka fito da tsarin biyan masu ajiya a banki duk asarar da faɗuwar lira ta jawo musu. Daga ina za a biya? Baitulmali da babban banki.

Auwal_Zariya:
Idan haka ne Malam, duk abin da ya faru sai a ce kasafi ne a ɓoye. Ni dai ina ganin a raba su. Akwai ciwon da gwamnati ta jawo da hannunta, akwai wanda ya faɗo mata. Kuma a Asiya IMF ta zo ta ce a tsuke bakin aljihu ga ƙasashen da ba su da giɓi, abin ya ƙara dagulewa. Malesiya ta ƙi, ta hana fitar da kuɗi a Satumban 1998, ta ɗaure kuɗinta a 3.80, kuma ta farfaɗo.

Sadiya_Akanta:
Mu dawo gida don Allah, don namu ba ya buƙatar dogon nazari. Dokar CBN ta 2007, sashe na 38, ta ce bashin wucin gadi da gwamnatin tarayya za ta ci daga babban banki kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. Wannan shi ne ake kira Ways and Means. A Mayun 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 na wannan bashi zuwa takardun lamuni na shekara 40. Ƙarshen shekarar aka ƙara tiriliyan 7.3. Ku auna wannan da kashi 5.

A daidai lokacin da ake zuba waɗannan kuɗi, dala ba ta shigowa. A 2022 farashin mai ya haura dala 100, sauran masu arzikin mai suna tara kuɗi, mu kuwa tallafin fetur ya ci sama da naira tiriliyan 4, kuma a Agusta da Satumba ɗanyen man da muke haƙowa ya faɗo ƙasa da ganga miliyan 1 a rana saboda sata da fasa bututu. Bankin Duniya ya ce a shekarar biyan bashi ya lashe kashi 96 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. CBN kuma ya riƙe farashin hukuma a wajen 460 alhali a Wapa ana sayarwa sama da 700. Wanda duk ya samu dala a farashin hukuma ya ci riba kafin ya tashi daga kujerarsa. Da aka zo lissafi sai ga alkawuran dala kusan biliyan 7 da babban banki bai cika ba.

Don haka ranar 14 ga Yunin 2023 da aka haɗe farashin, ba ranar naira ta karye ba. An daɗe da karya ta, ranar dai aka daina ɓoyewa.

Ummu_Sadiq:
Anti Sadiya, ni ban san alƙaluma ba amma na san kasuwa. Kafin cire tallafi da haɗe canji muna iya sayen mudun shinkafa ba tare da dogon tunani ba. Idan an daɗe da karya ta, me ya sa ba mu ji zafin ba sai da Tinubu ya hau?

Sadiya_Akanta:
Kin ji wani ɓangare 'yar'uwa, don tun kafin nan hauhawar farashi ta wuce kashi 20. Sauran kuma bashi ake ci ana danne shi. Amma ina tare da ke a abu guda: an sauke nauyin gaba ɗaya a kan mutane ba tare da an tanadi abin da zai rage musu raɗaɗi ba. Fetur ya tashi daga ƙasa da 200 ya kai wajen 500 cikin kwanaki, bayan mako biyu aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500 a hukumance. Mafi ƙarancin albashi bai tashi daga 30,000 zuwa 70,000 ba sai Yulin 2024.

Ɗan_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar muna kallon abin ta wata fuska. Sefa ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, kuma babban bankinmu na Dakar na ƙasashe takwas ne, babu shugaban da zai ɗaga waya ya ce a buga mishi kuɗi. Shi ya sa a 2024 jaka guda ta sefa ta haura naira 2,000, 'yan kasuwarmu suna shiga Jibiya da Dawanau suna sayen hatsi kamar kyauta. Na san abin bai yi muku daɗi ba.

Amma kada ku ɗauka mun tsira. Iyayenmu ba su manta Janairun 1994 ba, dare guda aka raba darajar sefa biyu. Kuma in gwamnati ba ta iya buga kuɗi, wata hanya ciwon ke fitowa: albashi ya makara, 'yan kwangila su yi ta jira. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da CEDEAO, wato ECOWAS, ta sa mana takunkumi, ƙasarmu ta kasa biyan basussukan da suka zo, sefa ko gezau ba ta yi ba, amma talaka ya ji a jikinsa.

Malam_Tattali:
Madalla da wannan. Senegal ma misali ce. A Fabrairun 2025 kotun binciken kuɗin ƙasar ta ce bashin gwamnati a ƙarshen 2023 ya kusa kashi 100 na abin da ƙasar ke samarwa, ba kashi 74 da aka riƙa faɗa ba. Da kuɗin kanta gare ta, da labarin ya girgiza shi. Wannan ya nuna abin da nake faɗa wa Alhaji: giɓi kaɗai ba ya karya kuɗi, sai ya samu ƙofar shiga babban banki.

Talaka_Bawan_Allah:
To ai sefa kuɗin Faransa ne. Gara naira da faɗuwarta da a ce wani ke riƙe mana linzami.

Ɗan_Maradi:
Wannan muhawara ce da mu kanmu muke yi kullum, kuma masu son a fita suna da hujjarsu. Abin da nike tsoro shi ne a fita ba a yi dokar da za ta hana mai mulki taɓa injin buga kuɗi ba.

Ustaz_Kabiru:
Duk kuna ta zagaye, ba wanda ya ambaci riba. Ƙasar da ta gina kasafinta kan bashin ruwa ta yaya za ta ga albarka? Maganin da aka kawo ma shi ne ƙarin kuɗin ruwa, CBN ya ɗaga daga kashi 18.75 har 27.5 a 2024. Wane ɗan kasuwa ne zai ci bashin banki a haka ya tsira?

Sadiya_Akanta:
Allah ya gafarta Malam, haramcin riba ba abin musu ba ne, kuma akwai mafita da aka gwada. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko, wato takardun lamuni marasa riba, naira biliyan 100, aka yi hanyoyi da shi, har alluna ake kafawa a bakin titi. Alherinsa shi ne kuɗin na ɗaure da aiki sananne, ba a iya karkatar da shi zuwa biyan alawus. Sai dai ko da sukuk ne, ranar biya na zuwa, kuma daga haraji za a biya. Idan abin da ake tarawa bai kai ba, matsalar na nan. Harajin da Najeriya ke tarawa a 2021 bai kai kashi 11 na abin da take samarwa ba.

Ɗan_Kwari:
Hajiya Sadiya kada ki ja mana ƙarin haraji. Mu a kasuwa rasit nawa muke yanka? Na ƙaramar hukuma daban, na jiha daban, na shara, na allon shago, ga na kan hanya. Ina kuɗin ke zuwa?

Sadiya_Akanta:
Alhaji da yawan abin da kuke biya ba ya isa baitulmali. Ba ku nake nufi ba, ina nufin masu samun rangwamen haraji na biliyoyi da hukumomin da ke tara kuɗi su cinye a gida.

Ɗan_Maiwurno:
Gaisuwa daga 'yan'uwanku na Sudan, ku sa mu a addu'a. Kafin wannan yaƙin ma mun ga abin da kuke magana a kai. Da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. Kuɗin shiga ya tafi, amma kashewa ba ta ragu ba: sojoji, tallafin burodi, tallafin mai. Aka yi ta buga fam. A Disamban 2018 burodi ya tashi daga fam 1 zuwa 3 a Atbara, daga nan zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Bashir a Afrilun 2019 ta tashi. A Fabrairun 2021 aka mayar da farashin hukuma daga 55 zuwa 375 a dala, a tsakiyar shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 400. Takunkumin Amurka ya cuce mu ƙwarai, ba na musu. Amma injin buga kuɗin a Khartum yake.

Ummu_Sadiq:
Allah ya kawo muku zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa.

Baba_Mai_Ritaya:
Amin. 'Ya'yana, na karanta duka. Abin da ban ga an taɓo ba shi ne lokacin yalwa. Rikicin kuɗi a shekarar wadata ake shuka shi. A 2004 aka buɗe asusun rarar mai. A 2005 aka yi yarjejeniya da ƙungiyar Paris ta ƙasashen da ke bin mu bashi, aka yafe mana dala biliyan 18, muka biya kusan 12, muka fita kusan ba bashin waje. Zuwa 2008 asusun rarar ya kai wajen dala biliyan 20, shi ya tare mu da rikicin duniya ya zo. Daga nan gwamnoni suka matsa a raba, aka yi ta rabawa, har a shekarun da ganga ta haura dala 100. Da farashi ya faɗi a 2014, ya sauka ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, me ya rage? Aka hana kaya 41 samun dala, aka riƙe naira a 197 har Yunin 2016, ƙarshe dai aka saki. Zuwa 2023 abin da ke cikin asusun bai kai dala rabin miliyan ba.

Ku dubi Chile. Su tagulla ce mansu. Tun 2001 suka yi ƙa'ida cewa kasafi zai dogara ne kan matsakaicin farashin tagulla na dogon lokaci, wanda kwamitin masana masu zaman kansu ke ƙiyastawa, ba farashin yau ba. Ministan kuɗinsu Andrés Velasco ya sha zagi don ya ƙi kashe rarar. Da 2009 ta zo da ita suka tallafi mutanensu. Mu ma muna da dokar 2007 da ta ce giɓi kada ya wuce kashi 3. Ba takarda muka rasa ba.

Auwal_Zariya:
Baba Allah ya ƙara girma. Ni dai har yanzu ina nan kan cewa ana rage wa waje laifi. Daga Maris 2022 zuwa Yulin 2023 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5. Dala ta gudu gida daga ko'ina. Ba daidaituwa ba ce a ce Siri Lanka da Ghana da Masar da Pakistan duk sun rikice a shekara guda.

Malam_Tattali:
Ba daidaituwa ba ce, iska ɗaya ce ta kaɗa kowa. Amma ta kaɗa Indiya da Indonesiya da Burazil da Meziko, ba su faɗi ba. Kuɗin Meziko ma ƙarfi ya ƙara. Dubi abin da Siri Lanka ta yi kafin iskar: ƙarshen 2019 shugaban ƙasa Gotabaya Rajapaksa ya zaftare haraji, harajin kayan masarufi daga kashi 15 zuwa 8, a ƙasar da dama kuɗin shigarta kaɗan ne. Korona ta kashe yawon buɗe ido. Maimakon a ja da baya sai aka buga kuɗi, aka riƙe farashin dala a wajen 200 ana ƙona ajiya. A Maris 2022 aka saki, ta doshi 360, a Afrilu aka ce ba za a iya biyan bashin waje ba, a Yuli shugaban ya tsere daga ƙasar.

Indonesiyar da ka kawo ɗazu, bayan wahalar 1998 ta yi doka a 2003, giɓi kada ya wuce kashi 3. Ta ɗage ta lokacin korona, ta dawo ƙarƙashinta a 2022, tun kafin wa'adin da ta ɗibar wa kanta.

Hajiya_Nima:
A ƙara da cewa a 2025 sidi ta farfaɗo sosai, daga sama da 15 ta sauko kusan 10. Wasu na cewa tsuke kashe kuɗi ne, wasu na cewa tsadar zinariya ce ta taimake mu. Ni tsorona shekarar zaɓe mai zuwa, don a nan ne kullum ake ɓarin kuɗi.

Ɗan_Kwari:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka. Amma ga abin da ya rage mini. Tun da aka saki naira, kason da jihohi ke samu duk wata daga Abuja ya ƙaru sosai, don dalar mai yanzu nairori da yawa take bayarwa. Kenan gwamnati riba take ci idan naira ta faɗi? In haka ne wa zai sa ta damu?

Sadiya_Akanta:
A gefen kuɗin shiga, eh, ta samu ƙari. A gefen bashi kuma akasin haka, duk dalar da ake bin tarayya da jihohi ta ninka fiye da sau uku a lissafin naira, kuma tun daga tushe ake cire na jihohi kafin kasonsu ya iso. Jihar da ba ta ci bashin waje da yawa ba ita ce ta ci moriyar gaske. Ofishin kula da basussuka na ƙasa yana wallafa abin da ake bin kowace jiha, na gida da na waje. Kowa ya duba tasa ya kwatanta da abin da gwamnansa ya karɓa.

Auwal_Zariya:
Kuma ko an duba, tambayar Ummu Sadiq tana nan ba a amsa ba. An daina cin bashin babban banki, an ce giɓi ya ragu, amma wanda bai ci ko sisi daga tiriliyan 30 ɗin nan ba shi ke biya a kasuwa.

Ummu_Sadiq:
Anti Sadiya don Allah ki ɗora mana na Kano da Jigawa a nan idan kin samu sarari, wayata ba ta buɗe irin waɗannan takardun.